Farashin Kaya a Makola Ba Ma'aunin Halin 'Yan Kasuwa Ba Ne: Martani

Tun da sidi, kuɗin Ghana, ya farfaɗo a tsakiyar shekarar 2025, dala ta sauko daga sama da sidi 15 zuwa kusan sidi 10 cikin 'yan makonni, ake ta ƙorafi a Akra cewa kayan masarufi sun ƙi saukowa yadda dalar ta sauko. Ana cikin wannan ƙorafi ne wani ɗan'uwanmu marubuci daga Zango ya fitar da maƙala mai zafi a kan Kasuwar Makola. Abin da ya ce a taƙaice shi ne, tsadar da ake fama da ita shaida ce cewa 'yan kasuwa, musamman matan Makola, sun zubar da mutunci da tsoron Allah. Kuɗin ƙasa ya rasa daraja ne saboda mutanen ƙasa sun rasa tasu darajar. Maganin abin kuwa shi ne gwamnati ta yanke wa kowane kaya farashinsa na gaskiya, ta hukunta duk wadda ta ƙetare, kamar yadda sojoji suka yi a 1979. Ba na shakkar abin da ya sa Malam ya ɗauki alƙalami. Duk wanda ya san yadda ake cefane a unguwannin Nima da Maamobi, inda gidaje da yawa ba sa sayen buhu sai gwangwani, ba sa ajiye na wata sai na yini, ya san ƙarin sidi biyu a kan olonkar gari, wato gwangwanin awo, yana iya mayar da cin abinci sau uku ya koma sau biyu. Zafin da ya ji na gaskiya ne. Sai dai hujjar da ya ɗora a kansa ba ta zauna ba, kuma maganin da ya rubuta an taɓa shan sa a wannan kasuwar da kanta, an kuma ga abin da ya haifar.

Inda zancen ya karkace shi ne wurin da Malam ya haɗa abubuwa uku ya ɗaure su da igiya ɗaya. Idan ɗan kasuwa ya ce albasa ta yi daraja bana, yana nufin buhu ya yi kuɗi. Idan uwar gida ta ce ruwa ya fi komai daraja a cikin gida, tana nufin ba a rayuwa sai da shi, ko da kuwa bokiti bai kai kuɗin katin waya ba. Idan kuma aka ce wane dattijo ne mai daraja, ana maganar halinsa da riƙon amanarsa, abin da ba a tayawa balle a sallama. Kullum muna amfani da ma'anonin nan uku ba tare da mun ruɗe ba, domin zaren zancen yana nuna wadda ake nufi. Ruɗani yana shigowa ne ranar da aka ɗauki hawa da saukar ta farko a matsayin labarin ta uku. Masana tattalin arziki sun daɗe da raba ta farko da ta biyu. Adam Smith ya lura a littafinsa na 1776 cewa ruwa, da ba abin da ya fi shi amfani, kusan ba ya sayen komai, alhali lu'ulu'u da ba ya kashe ƙishirwa yana sayen dukiya mai yawa. Sai wajen 1871 Jevons a Ingila da Menger a Ostiriya suka warware ƙullin: farashi yana bin ƙarancin abu a wurin da lokacin da ake neman sa, da abin da mai saye zai iya bayarwa domin ya ƙara guda ɗaya a kan wanda yake da shi. Mutumin Nima ya san wannan tun kafin ya ji sunan waɗannan Turawa. Ranar da famfo ya ɗauke, jarkar nan rawaya da ake kira galan ɗin Kufuor takan ƙara kuɗi a lungu, alhali a unguwannin masu hali da ke tsallaken titi ruwan bai motsa ba. Ruwan ɗaya ne, amfaninsa ɗaya, kuma wanda ya sayar jiya shi ne yake sayarwa yau.

Mu bi buhun albasa guda daga gona zuwa faranti. Kaso mai yawa na albasar da ake ci a Akra daga Nijar take zuwa, daga Galmi da kewayenta a jihar Tahoua. Da sefa ake sayen ta a can. Tana hawa babbar mota ta yi tafiyar sama da kilomita 1,000, ta ratsa iyakoki da shingaye, kowanne da abin da ake ajiyewa, ga kuɗin mai, ga wadda zafi da jinkiri za su ruɓar a hanya. Tun watan Yulin 2021 da aka tashi masu albasa daga kasuwar Agbogbloshie aka mayar da su Adjen Kotoku a bayan gari, matar da ke kasa albasa a Makola sai ta ƙara kuɗin mota kafin ta yi sari ta dawo. Da sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta rufe iyakokinta da Nijar, motocin albasa suka maƙale a hanya, kaya suka yi ta ruɓewa a cikinsu, farashi ya yi tashin gwauron zabi a Akra. Yawancin masu wannan fatauci 'yan'uwanmu ne, Hausawa da Zabarmawa da mutanen Bawku, waɗanda muke sahu ɗaya da su a masallaci. Ko Malam zai ce imaninsu ya ragu a watan Agustan 2023, sannan ya dawo da hanya ta buɗe? Haka zancen yake ga kayan da ake shigowa da su ta tashar Tema, shinkafa da man girki da tumatirin gwangwani da atamfa. A farkon 2022 dala tana kusan sidi 6. Kafin Nuwamba ta haura sidi 13. A Disamba hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari, gwamnati kuma ta dakatar da biyan yawancin bashin da ake bin ta a waje. A watan Oktoban wannan shekarar 'yan kasuwar Akra da kansu, a ƙarƙashin ƙungiyarsu ta GUTA, suka rufe shaguna suna kuka da faɗuwar sidi da tsadar ruwan bashi. Wanda yake cin moriyar tsada ba ya rufe shagonsa domin nuna fushi da ita.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a maƙalar shi ne begen 1979, domin labarin wannan shekara yana nan a rubuce, kuma akwai dattawan da suka gan shi da idonsu a Tudu da Cow Lane da Zongo Lane. A zamanin Janar Acheampong, daga 1972 zuwa 1978, gwamnati ta riƙe farashin kaya da na dala da hannunta, tana kuma buga kuɗi domin cike giɓin kasafinta. Hauhawar farashi ta haura kashi 100 cikin ɗari a 1977. Sukari da sabulu da madara da kifin gwangwani suna da farashin gwamnati a takarda, amma ba a samun su a wannan farashi sai da 'yar takardar izini da ake kira cit, wadda ke fitowa daga hannun manyan jami'ai da hafsoshi zuwa ga na kusa da su. Wanda ya samu cit ya ɗauki kaya da araha, ya sayar wa na biyu, na biyu ya sayar wa na uku, kafin kaya su iso teburin mai kiri sun ninka sau da yawa. Wannan shi ne abin da mutanen Ghana suka kira kalabule. Matar da ke zaune a Makola ita ce ƙarshen layin, ita kaɗai ce mai saye yake gani ido da ido, saboda haka a kanta fushin ya sauka. Bayan juyin mulkin 4 ga Yunin 1979 da ya kawo Jerry Rawlings da majalisar soji ta AFRC, sojoji suka shiga kasuwanni, suka ƙwace kaya suka sayar a farashin gwamnati, suka yi wa mata bulala a bainar jama'a, wasu har da tuɓe su. Ranar 18 ga Agustan 1979 aka sa nakiya da katafila aka rushe Makola ta ɗaya, kasuwar da aka gina tun 1924. Filin nan da ake kira Rawlings Park a yau, inda ake ajiye motoci, shi ne gurbinta. An bar jaki ana dukan taiki.

To, kaya sun yi araha? Sun yi na 'yan kwanaki, muddin ana rabon abin da aka ƙwace. Da wannan ya ƙare ba wanda ya sake sarowa, domin ba mai sayen abu a goma ya sayar a biyar da bulala a kansa. Manoma da masu fatauci suka ja baya da kawo abinci birni, abin da ya rage ya koma bayan fage da tsadar da ta fi ta da, domin yanzu har da kuɗin kasada a ciki. Masaniyar tarihi Claire Robertson, wadda ta yi bincike a tsakanin matan kasuwar Akra, ta rubuta a 1983 yadda aka mayar da waɗannan mata abin ɗora wa laifin durƙushewar tattalin arzikin da ba su suka durƙusar ba. Gwamnati ta ci gaba da riƙe dala a sidi 2.75 daga 1978 har 1983, alhali a kasuwar bayan fage ta ninka haka fiye da sau ashirin. Manomin koko da hukuma ke biya da wannan lissafi ya gwammace ya tsallaka da kayansa Kwaddibuwa ko Togo, ko ya bar gonar. Koko da ya haura tan 500,000 a 1965 ya faɗo ƙasa da tan 200,000 a kakar 1983. A shekarar nan fari da gobarar daji suka haɗu da dawowar 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya da Najeriya ta koro, hauhawar farashi ta haura kashi 120 cikin ɗari, mutane suka rame har ƙasusuwan wuya suka fito, aka sa musu suna sarƙar Rawlings. A watan Afrilun 1983 Rawlings ɗin nan da ya rushe Makola shi ya juya ya rungumi shirin gyaran tattalin arziki tare da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, aka karya darajar sidi, aka yi ta sassauta ƙayyade farashi. Shirin ya zo da nasa raɗaɗin, an kori ma'aikata da yawa, an sa kuɗi a asibiti, kuma ba ina wanke shi ba ne. Amma kaya sun dawo kan tebur, kuma matan da suka dawo da su su ne waɗanda aka yi wa bulala.

Malam ya jingina maganarsa da addini, kuma nan ne nake ganin ya kamata mu fi yin hattara, domin malaman fiƙihu sun riga sun tsefe wannan mas'ala. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Anas cewa kaya sun yi tsada a Madina, mutane suka roƙi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanke musu farashi, bai yanke ba, ya mayar da al'amarin ga Allah, yana gudun kada ya zalunci wani a dukiyarsa. Shi ne kuma, a ruwayar Muslim, ya cusa hannunsa cikin tarin hatsi a kasuwa, ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata wa mai hatsin a kan ɓoye jiƙaƙƙen a ƙarƙashin busasshe. A dubi inda aka kame hannu da inda aka tsawata. Tsada ita kaɗai ba a ɗauke ta laifi ba. Algus aka ɗauka laifi, da tauye mudu wanda sura guda ta sauka a kansa, da ɓoye abinci domin a ƙuntata wa jama'a. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya bambanta a littafinsa na hisba tsakanin tsadar da ta zo saboda ƙarancin kaya ko yawan masu nema, wadda tilasta wa mai kaya a cikinta zalunci ne, da wadda ta zo saboda masu kaya sun haɗa baki ko sun riƙe abin da jama'a ba su iya yi sai da shi, wadda hukuma za ta sa su sayar a farashin da irin kayan ke tafiya. Ko a cikin Malikiyya, mazhabar da yawancinmu muka tashi a kai, waɗanda suka halatta ƙayyade farashi sun gindaya sharaɗi. Ibn Habib na Andalus ya ce shugaba ya tara manyan 'yan kasuwar da wasu amintattu, ya binciki yadda suke saye da yadda suke sayarwa, a tsaya a kan abin da zai bar musu riba kuma bai cuci jama'a ba, da yardarsu. Wannan bincike ne na kaya ɗaya a kasuwa ɗaya, da hujja a hannu. Bai yi kama da a dubi tsadar da ta game ƙasa a ce duk mai tebur azzaluma ce ba.

Ha'inci kuwa akwai shi a Makola kamar yadda yake a Kurmi da Kantin Kwari da kowace kasuwa, kuma ba sai an nemi alƙaluman hauhawar farashi kafin a gan shi ba. Ana ganin sa a olonkar da aka bubbuge gindinta ya shige ciki, ta yadda za a tsiyaya gari har ya yi tozo a sama mai saye ya tafi yana murna, alhali an rage masa a ƙasa. Ana ganin sa a kwandon tumatir da aka jera manya jajaye a baki, ruɓaɓɓu na kwance a tsakiya, da atamfar kwaikwayo da aka liƙa wa tambarin ta gaske. Waɗannan laifuka ne ko kaya na araha ko suna tsada, kuma mai yin su ba ta da mafaka a bayan dala. A gefenta kuma akwai wadda za ta gaya maka tun kafin ka taya cewa doyar nan ta kwana biyu, wadda in ka taya ƙasa da sarinta za ta ce albarka ba tare da ta zage ka ba, in kun daidaita ta ƙara maka gyara. Su biyun suna iya sayarwa a farashi ɗaya a rana ɗaya. Lambar da ke kan kaya ba ta raba su. Abin da ke raba su yana cikin gwangwanin awo da cikin bakin mai sayarwa. Wanda ya ɗauki farashi a matsayin ma'aunin hali ya yi wa ta biyu ƙazafi, ya kuma bar ta farko ta sha, tunda ita ma tana iya rage kuɗi ta ƙara bubbuge gwangwani.

Akwai tambayar da Malam ya yi wadda ba zan tsallake ba, domin ita ce mafi ƙarfi a maƙalarsa. Ya ce idan dala ta hau, kafin azahar an canza farashin kayan da suka daɗe a shago, ana cewa da sabon farashi za a sake sarowa. Idan kuma ta sauka sai a ce ai tsohon kaya ne da aka saya da tsada. Gaskiya ne ba a riƙe hujjojin nan biyu a lokaci ɗaya, kuma wanda ya riƙe su yana zaɓen wadda ta yi masa daɗi ne. Amma abin da ke ƙarƙashin wannan hali ya fi kama da tsoro. Ɗan kasuwar Akra ya ga sidi ya yunƙuro a Disamban 2022 sannan ya sake zamewa a Janairun 2023. Ya ga an cire sifiri huɗu daga kuɗin ƙasa a 2007, sabon sidi yana kusan daidai da dala, ga inda aka iso. Ya ci bashi a lokacin da Babban Bankin Ghana ya kai kuɗin ruwansa kashi 30 cikin ɗari a 2023. Wanda ya sha irin wannan ba ya gaskata farfaɗowar wata biyu, sai ya jira ya gani, domin in ya yi kuskure uwar kuɗinsa ce za ta tafi. Abin da ke tilasta masa saukowa shi ne maƙwabcin da ya shigo da sabon kaya da sabuwar dala ya karya farashi, kuma haka aka gani a hankali: hauhawar farashi ta yi ta raguwa a 2025 har ta koma ƙasa da kashi 10 cikin ɗari kafin ƙarshen shekara. A nan ma akwai abin da ke ruɗa mutane, domin raguwar hauhawa tana nufin kaya sun rage gudun hawa, ba wai sun koma inda suke a 2021 ba. Inda maƙwabcin nan ba ya iya shigowa, nan ne ƙorafin Malam yake da gindi. Ƙungiyoyin masu tumatir da wasu kayan gwari, ƙarƙashin sarauniyoyin kasuwa, suna da ta cewa a kan wanda zai sauke kaya da yawan motocin da za su shigo, kuma manomi da ya kawo nasa kai tsaye yakan sha wuya. Gracia Clark, wadda ta yi shekaru tana nazarin babbar kasuwar Kumasi, ta nuna yawancin aikin waɗannan shugabanni sulhu ne da tsara layi da taimakon juna, kamar aikin sarkin kasuwa da sarkin pawa a ƙasar Hausa, kuma ikonsu a kan farashin kayan da ke ruɓewa bai kai yadda ake zato ba. Duk da haka, inda aka tabbatar an tare hanya an hana wani sayarwa, wannan shi ne haɗin bakin da malamai suka ba hukuma damar karyawa, kuma ana karya shi ne da buɗe ƙofa ga mai kawo kaya.

Kada a fahimce ni da cewa duk abin da kasuwa ta yanke daidai ne. Raba farashi da mutunci yana yanka ta fuska biyu, kuma fuska ta biyu ce maƙalar Malam ba ta waiwaya ba ko sau ɗaya. A kowane lungu na Makola akwai kayayei, 'yan matan da suka zo daga arewacin Ghana, Dagomba da Mamprusi da Gonja da sauransu, da babbar tasa a ka, wasu da goyo a baya, suna bin mai saye cikin cunkoso da kayan da namiji ƙaƙƙarfa zai yi nishi kafin ya ɗaga. Da yawansu a bakin shaguna suke kwana, ko a cunkushe a ɗaki ɗaya a Old Fadama. Kuɗin dakonsu kaɗan ne saboda suna da yawa kuma ba su da wata mafita. Har sai a kasafin 2017 gwamnati ta sanar da soke harajin da ƙananan hukumomi ke karɓa a hannunsu. Idan farashi ne ke faɗin ƙimar mutum, to sai mu ce ƙimar yarinyar nan ita ce 'yan sidin da aka miƙa mata, kuma ba Musulmin da zai yarda da haka. Kant, masanin falsafar Jamus, ya rubuta a 1785 cewa abin da ake iya musanyawa da makamancinsa shi ke da farashi, ɗan Adam kuwa ba shi da makamanci, abin da yake da shi martaba ce. Mu kuma mun taso da sanin cewa Allah ya karrama 'ya'yan Adam tun kafin a kafa kasuwa. Saboda haka wanda ya gama zagin mai tumatir a kan tsada, sannan ya juya yana ja-in-ja da 'yar dako a kan sidi biyu bayan ta kai masa kaya har tashar mota, kasuwa ba ta kama shi da laifi ba, amma akwai hakki a wuyansa. Arahar dako ba ta wanke shi ba, kamar yadda tsadar tumatir ba ta kama waccan ba.

Akwai wurin da hali yake shiga lissafin kuɗi da gaske, kuma mutanen Zango sun fi kowa sanin sa, domin a kansa aka gina zangunan. Fataucin goro daga Gonja da Asante zuwa ƙasar Hausa, da na shanu daga arewa zuwa bakin teku, sun tafi ne a kan bashi ba tare da takarda ba. Baƙo ya sauka a gidan mai gida, ya damƙa masa shanu. Dillali ya haɗa shi da mahauci. Mahauci ya ɗauka bashi, mai gida ya tsaya masa. In mahauci ya gudu, mai gida ne zai biya daga aljihunsa. Polly Hill ta bayyana wannan tsari a kasuwar shanun Kumasi a 1966, Abner Cohen kuma ya bayyana shi a Sabo ta Ibadan a 1969. Alhasan Ɗantata, wanda ya yi zama a Akra yana tura goro Legas ta jirgin ruwa kafin ya koma Kano ya shiga gyaɗa, a cikin irin wannan amana ya tashi. Nima kanta Malam Amadu Futa, mai harkar shanu, shi ya kafa ta a farkon shekarun 1930. Har gobe a Makola mai sari tana ba mai kiri atamfa ta biya bayan ta sayar, mai adashi yana zagayawa kullum yana karɓar kuɗin mutane a jakarsa. A irin wannan tsari sunan mutum jari ne: wanda ya ci amana sau ɗaya ba mai sake ba shi kaya. Ga inda mutunci yake bayyana a kasuwa, a wajen wanda ake ba bashi da wanda ake hanawa. Kuma shi ne abin da rushe-rushen 1979 suka fi lalatawa, domin matar da aka ƙwace wa kaya ba ta iya biyan wadda ta ba ta, ita ma ba ta iya biyan na sama da ita.

Ya kamata kuma marubucin Zango ya tuna a kan wa irin wannan zance yake sauka idan ya bar takarda ya shiga hannun hukuma. Shekara goma kafin a rushe Makola, ranar 18 ga Nuwamban 1969, gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su fice daga ƙasar. Hujjar da aka yi ta yaɗawa a lokacin ita ce baƙi sun mamaye kasuwanci, su ne ke hana 'yan ƙasa samu. Dubun-dubatar mutane suka tattara, Yarbawa da Hausawa da Zabarmawa da Mosawa, har da waɗanda aka haifa a zangunan ba su san wata ƙasa ba, suka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance. A 1983 Najeriya ta yi wa 'yan Ghana irin haka da irin wannan hujja, a 2019 da 2020 kuma an ga ana garƙame shagunan 'yan Najeriya a Akra da Kumasi. Duk lokacin da aka fassara ƙuncin tattalin arziki da lalacewar halin wani rukuni, ana zaɓen rukunin da ba shi da mai kare shi, yau matan kasuwa, gobe masu albasa da masu shanu da masu canji a Tudu. Idan Malam yana neman inda darajar sidi ta zube, akwai ofisoshin da ke da amsa a rubuce: Ma'aikatar Kuɗi da ta ci bashin da ya kai ƙasar ga karɓar rancen dala biliyan 3 daga Asusun Ba da Lamuni a 2023, da Babban Bankin Ghana da ya ba gwamnati rance mai yawa a 2022 ya kuma yi asarar sidi biliyan 60.8 a wannan shekarar. A cikin kasuwa kuma akwai abin da za a nema wanda ke hannun hukumar birnin Akra da hukumar ma'auni ta ƙasa: a duba olonka da sikeli a kai a kai, a riƙa sanar da farashin sari na Adjen Kotoku da Agbogbloshie a rediyo da harsunan da masu cefane ke ji, har da Hausa, a ware wa manomi wurin sauke kayansa ba tare da izinin kowa ba, a kuma sama wa kayayei wurin kwana mai ƙofa.